Man Gyaɗa a Makullin Fitila

Ɗan ƙanena ne ya kawo mini ita a bayan kabu-kabu, cikin tsohon buhun shinkafa, bayan an share makokin ubansa. Ya dire buhun a gabana ya ce, "Gwaggo, ga abin da muka tarar a ƙarƙashin gadon Baba. Masu tara tsohon ƙarfe sun so tafiya da ita, na ce a bari in tambaye ki tukuna." Ban ko leƙa ba, na zura hannu, domin idona ya fara yana, yanzu hannuna ya fi shi saurin gane abu. Yatsuna suka sauka a kan sanyin tagulla, suka bi cikinta mai kama da ƙaramin tulu, suka wuce famfo, har suka tsaya a kan ɗan kan nan da ake murɗawa a buɗe wa kananzir hanya, wanda mahaifinmu yake kira makulli. Gefensa a ɓantare yake. Na san ranar da ya ɓantare, na san hannun da ya ɓantare shi. Na ce wa yaron ya bar ta. Ya tambaye ni ko tana da wani amfani, na ce babu. Ya yi sallama ya tafi, ni kuma na zauna da ita a cinya har aka kira la'asar.

A nan Zariya inda nake zaune yanzu, dare ba ya cika yin dare. Maƙwabcina ya kafa wani farin ƙwai a kan katanga, haskensa yana tsallakowa har bakin gadona. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, jikokina su daddanna waya, fuskokinsu su yi shuɗi kamar marasa lafiya. Ba na raina ni'imar Allah, na dafa tuwo da hayaƙi a ido shekaru da yawa, na san daɗin sauƙi. Amma hasken yanzu bebe ne. Yana zuwa ba sallama, ya tafi ba sallama, ba ya tara kowa. A lokacin da nake yarinya, bayan Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, Nasara sun hau da mutane tudu, sun ja mana tituna miƙaƙƙu kamar layin littafin lekol, wato makarantar boko, magariba tana da nauyinta. Za ka ji taɓarya ta yi shiru gida bayan gida, ka ji guga ta ƙarshe ta faɗa rijiya, ka ji ƙahon bariki daga nesa, sannan duhu ya sauko ya zauna. Kowane ɗaki da 'yar aci-bal-bal ɗinsa mai lumshe ido. Masu hali su ne ke da fitilar ƙwai. Fitila mai famfo kuwa, a duk layinmu gidanmu kaɗai take.

Baba, mahaifinmu, awon gyaɗa yake yi wa wani kamfanin Nasara. Lokacin kaka ba ma ganinsa sai da ƙurar ɓawo a gira, muryarsa ta dishe don kiran buhuna. Daga wata tafiya da ya yi wajen Katsina ya dawo da fitilar, kuma tun daga ranar ba ta da mai kunna ta sai shi. In ya dawo daga masallaci zai zauna a kan buzu, ya ɗora ta tsakanin ƙafafunsa, ya duba 'yar rigarta, wato ɗan saƙin zaren nan da ke rataye a cikin ƙwai, wanda in an ƙona shi sau ɗaya ya zama farar toka mai tsayuwa, ko numfashi mai ƙarfi yana iya rushe shi. Zai ɗumama mata wuya da 'yar wuta, ya ba ta iska, sannan ya murɗa makulli a hankali. Sai ta yi tari, ta yi ja, ta yi fari fat, ta kama huci. Wannan hucin shi ne muryar gidanmu. Da an ji shi yaran maƙwabta za su shigo da allunansu, mu 'yan lekol da littattafanmu, mata su jawo ƙwaryar ɓarar gyaɗa. Da damina shinge, ƙwaron nan mai fiffike, ya rufe ta, mu jera kwanonin ruwa muna tara shi muna ihu. Ni ce babba, ni kaɗai yake bari in ba ta iska. In na yi gaggawa ya ce, "Ba da ƙarfi ake mata ba. In ta ƙi gaba, koma baya kaɗan, ki sake lallaɓa ta."

Kakata, mahaifiyar Baba, a Jiratawa take, cikin masu noman fadama. Takan zo mana da albasa da ɗanyar taba da za ta sayar ranar kasuwa, ta kwana biyu ta koma. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari a wurin matan zamaninta ba abin wasa ba ce. Tun da ta yaye shi ta miƙa wa uwar mijinta, ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya ta amsa wa bango, ko ta hau faɗa da akuya. In ya shigo ta wannan ƙofa ta sunkuyar da kai har ya fita ta waccan. Na taɓa tambayarta ko ba ta son Baba ne, ta kai mini dundu ta ce, "Ji 'yar lekol. Nasara sun wanke maku kunya da sabulu." Amma ni mai yawan kallo ce tun ina ƙarama. Na lura in an kunna fitilar tana zaɓar wurin zama inda za ta ba shi baya, ta fuskanci katangar rumbu. Fitilar tana fitar da inuwa mai kaifi, har tsinin hularsa da motsin gemunsa. Inuwar take kallo. Tana iya yin hira guda ba ta ɗauke ido daga katangar nan ba.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, cikin bazarar da ta ɗauki mutane da yawa a garin. Ya kwanta da ciwon kai, wuyansa ya sandare, kafin saƙo ya kai Jiratawa ta iso har an dawo daga maƙabarta. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, wannan ma kunya ta hana. Ta zauna ta ja carbi, aka yi addu'a, ta koma.

Inna ta shiga takaba da ƙaramin ciki. Aka rataye fitilar a turken ɗakinta, ba wanda ya yi zancen kunna ta. Amma kowace Juma'a da hantsi Inna takan sauke ta, ta goge ta da tsumma, ta tsoma yatsa a kwalbar man gyaɗa ta bi duk wata gaɓa tata tana shafawa, kamar yadda take shafa mana a faso, kamar yadda take yi wa akushi don kada ya tsage. Ta fi daɗewa a kan makulli, inda yatsun Baba suka cinye ƙarfen ya yi santsi. Har ɗiga masa take yi ya shige ciki. A saninta abin da ake so ya daɗe mai ake ba shi. Ina kallonta, ban ga laifin abin ba, ni ma haka na sani.

Damina ta yi tsakiya, kwaɗin Gulbi suna hana barci, sai naƙuda ta zo mata tun lokaci bai yi ba. Aka samu namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi kamar ɗan tsako da aka jiƙa. Ungozoma ta ce in ana son shi, to, a rufe ɗaki. Aka toshe 'yar tagar da tsumma, aka saki asabari aka ƙara tabarma a kai, aka hura wuta a kasko ba dare ba rana, aka naɗe shi cikin auduga. Ba zai ga waje ba sai ya yi ƙwari, ko da za a yi suna yana ciki. Matan da suka shiga barka kuwa duk bakinsu ɗaya in sun fito, wai ubansa ne sak, kamar an tsaga kara. Ban san yadda suka gani a wannan duhu ba, wataƙila tausayi ne ya gani musu. Maganar dai ta bi masu zuwa kasuwa har Jiratawa.

Kaka ta iso a kan jaki, wani maƙwabcinta yana ja, zanenta sharkaf. Da ta sauka ta sa ƙafa cikin ƙwaryar tsaki da ke tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. A nan muka gane. Tun bayan rasuwar, in ji maƙwabcin, take fama da ciwon kai da ido, tana ganin zobe kewaye da wuta, kuma ganin nata yana tsukewa daga gefe kamar ana ɗinke bakin buhu. An kai ta wurin likitan Nasara ya ɗiga mata magani, ya girgiza kai. Ranar da ta zo tana iya gane launin zanena in na tsaya a rana. Ta shiga ɗakin, aka ɗora mata jaririn, ta kai fuskarta har hancinsu ya kusa haɗuwa. Jika ba shi da kunya a tsakaninsa da kaka, tana da ikon ta kalle shi har ta ƙoshi. Ta ce a ƙara itace. Aka ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, jaririn ya yi atishawa, aka rage. Aka kawo aci-bal-bal, aka aro fitilar ƙwai. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗago, ba ta fuskanci kowa ba, ta ce, "Ina fitilar wancan?"

Ban taɓa jin ta nemi wani abu nasa ba sai ranar.

Na sauke ta na fito da ita rumfa da murnata, na kama makulli zan murɗa, ya ƙi. Na sa hannu biyu, ya ƙi. Kamar da shi aka ƙera cikinta. Wani tela maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya ce aikin maza ne, ya je ya aro awartaki wurin maƙera, ya danne fitilar da gwiwa ya murɗa. Muka ji ƙas, gefen makullin ya ɓalle ya faɗa ƙasa. Yana shirin sake kamawa Iya ta fizge fitilar.

Iya yayar Inna ce, daga Tibiri ta zo zaman jego. Doguwa ce mai zanen Gobirawa har kunne, mai ƙatuwar murya, kuma ba ta gama rabuwa da al'adun gidansu na da ba, Allah ya gafarta mata, hannunta bai taɓa rowa ba. Ta ce wa telan, "Malam, koma ga allurarka, kada ka kashe mana ita gaba ɗaya." Ta zauna tana jujjuya fitilar, ta rage murya ta ce, "Ni dai ina ganin mai ita ne ya riƙe. A samo jar kaza."

Kaka tana zaune a bakin rumfa ta ce, "Wanda ya tafi ba ya riƙe komi. Bar kazar mutane ta yi ƙwai, Bagobira."

"To ke da kika iya, buɗe mana."

"Da ina gani da kin sha mamaki."

"Da kina gani ai da ba mu nemi fitilar ba."

Suka yi dariya su biyu, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai Iya ta kai makullin hancinta. Ta sake shinshinawa, ta kankare gindinsa da farce, wani abu ya fito baƙi-baƙi kore-kore mai danƙo kamar ƙaro. Ta ce, "Wannan ai warin tsohuwar tukunyar ƙuli-ƙuli ne. Wa ya ba ta man gyaɗa?" Na saci kallon ɗakin Inna. Asabari kaɗai ke tsakaninmu da Inna, kuma na ji motsin da take yi a ciki ya tsaya cak. Iya ta dube ni, ta dubi asabarin, ta gane. Ba ta ƙara tambaya ba. Man da Inna ta yi watanni tana ɗigawa ya sha zafin bazara, ya haɗu da ƙura da tsatsar tagulla, ya daskare a cikin zaren ƙarfen ya kama shi gam.

Da yamma na shiga kai wa Inna kunun kanwa, na tarar Kaka a ciki. Inna tana cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Gobe in rana ta fito zan fito da shi bakin ƙofa. Ko na ɗan lokaci ne. Ki gan shi."

Kaka ta ce, "Ba za ki fito da shi ba."

"Ba za a sani ba."

"Iskar damina za ta sani. Ɗiyata, na ba ƙasa ɗaya bana. Ba zan ba ta na biyu don kwaɗayin idona ba. A gyara fitila in ta gyaru. In ba ta gyaru ba, haka Allah ya so."

Daga nan aikin ya dawo hannuna, don lekol tana hutu, kuma ni ce na san gaɓoɓinta. Na cire ƙwan na naɗe shi a zane, na juye sauran kananzir ɗin da ke cikinta a kwalba. Na fara da ɗiga wa makullin kananzir da gashin kaza, safe da yamma, ina jira ya ratsa. Bai ratsa ba. Iya ta ce tukunyar da mai ya kama ruwan kanwa ke cire ta, ba ta ga dalilin da zai sa ƙarfen Nasara ya fi tukunya taurin kai ba. Muka tafasa kanwa ungurnu a ƙaramin kasko, na kifa fitilar ina riƙe da ita yadda makullin kaɗai zai nutse, tururi yana dafa mini yatsu. Ruwan ya yi kumfa, ya yi baƙi. Muka zubar muka sake. In hannuna ya gaji Iya ta karɓa tana zagin wanda ya ƙera ta da kakanninsa. Bayan kanwa muka jiƙa tsamiya mai kauri don ta cinye koren. Na samo tsinken tsintsiya ina sakace gindin zaren kamar mai sakace haƙori. Tsakanin wannan da wancan ga ɗebo ruwa, ga dakan hatsi, ga itacen wankan jego da ba ya yankewa, ga ruwan sama da ke korar mu daga rumfa. Kwanaki suka riƙa wucewa ta gabanmu muna kallo.

Kaka kullum tana gefena a kan tabarma. Takan ce, "'Yar lekol, ta motsa?" In ce tukuna. Sai ta yi kamar zancen bai dame ta ba, ta hau ba ni labarin rijiyoyin fadama da yadda ake jan ruwa da jigo. Ni kuma ina auna idonta a ɓoye. Da fari in farar akuyarmu ta gitta takan ce a kore ta daga hatsi. Bayan kwana kaɗan akuyar ta zo har gabanta tana cin gefen tabarma ba ta sani ba, sai da ta ji ja. Daga baya na ga tana juya fuska tana neman inda rana take, kamar mai neman inda ake kiranta. Na daina barin aikin ko don cin abinci. Na yi ta addu'a a kan ƙarfen nan, duk surar da na haddace na karanta masa. Wani lokaci zuciya ta ɗebe ni in ji kamar in ɗauko awartakin telan in gama da shi, sai in tuna in ya karye babu wani a duk Maraɗi.

Wata rana bayan azahar, hadari ya haɗu bai zubo ba, na fito da makullin daga ruwan zafi na tsoma shi a na randa, kamar yadda na yi ta yi. Na naɗe shi da tsumma na kama. Maimakon in murɗa wajen buɗewa, sai na koma da shi baya, wajen rufewa, kamar yadda Baba yake faɗa. Na ji wani ɗan abu a cikin yatsuna, bai kai sauti ba, kamar ƙwayar gero ta fashe a ƙarƙashin taɓarya. Na dawo gaba, ya biyo ni kaurin gashi. Baya, gaba, ina ɗiga kananzir, baƙin ruwa yana tsattsafowa. Ban gaya wa kowa ba sai da ya juya sosai ya yi 'yar ƙara, irin wadda yake yi a hannun Baba. Kaka ta ɗago kai. Ta riga kowa ji.

Sai kuma famfo ya ƙi kama iska. Na zaro shi na tarar 'yar fatar da ke bakinsa ta bushe ta ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Iya ta karɓa ta murza, ta ce a miƙo kwalbar man gyaɗa. Ta jiƙa fatar tana matsawa har ta yi laushi ta buɗe. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan asabari ta ce, "Kin gani, ashe tana son man. Ba don shi ba da ba ta tashi ba." Na mayar da fatar cikin famfo.

A cikin gwangwanin da Baba yake ajiye kayanta saura riga ɗaya. Na ɗaura ta, na ƙona ta ta zama toka, na mayar da ƙwai, na ɗumama wuyan, na yi bisimilla na ba ta iska. Na murɗa. Ta yi tari, ta yi ja, ta yi fari, ta kama huci. Da rana tsaka, ba ta haska komai ba a tsakar gida, amma yaran maƙwabta sai ga su a bakin zaure, sun ji. Na ɗauke ta a hankali kamar mai ɗauke da cikakkiyar ƙwaryar nono, Iya ta ɗaga asabari, Kaka ta dafa kafaɗata muka shiga.

Ɗakin nan da muka saba lalube a cikinsa ya bayyana gaba ɗaya, har kunkunniyar da ke rufi da zaren gizo. Na ga yadda Inna ta rame. Na ga ƙanena a karo na fari da ido sosai. Matan ba su yi ƙarya ba. Goshin Baba ne, mai faɗi, da 'yar tsagar nan a haɓa, da kunnen hagu mai lanƙwasa a sama. Ya yamutsa fuska don hasken, Inna ta kare masa ido da tafin hannu. Aka ɗora shi a cinyar Kaka.

Ta sunkuya. Ta ce, "Matso da ita." Na matso. "Ƙara." Na ƙara, har na ga gumi yana tsattsafo mata a kunci don zafin ƙwan. Idanunta a buɗe suke tar, hasken yana kwance a cikinsu kamar a kan ruwan rijiya, ba su ƙifta ba. Fitila tana ta huci. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san hannuna ya gaji don nauyi.

Sai ta miƙe zaune ta ce, "Ina jin ta dai."

Ta sa yatsa ta fara bin fuskarsa a hankali, daga goshi zuwa gira, zuwa hanci, ta sauka a haɓa ta tsaya a kan tsagar. Ta ce, "'Yar lekol."

"Na'am, Kaka."

"Wannan tsagar. Wancan yana da ita?"

Na ce yana da ita, gemu ne ya rufe.

"Goshin fa? Haka nasa yake, ko ya fi wannan tudu?"

A nan na gane abin da ban gane ba duk kwanakin da nake fama da ƙarfe. Tana da fuskar yaron da ta yaye, tana da inuwa a katangar rumbu, tsakaninsu kuwa ba ta da komai. Na ajiye fitilar na durƙusa, na faɗa mata duk abin da na sani. Na ce idonsa yana ƙanƙancewa in zai yi dariya, na ce akwai tabo a girarsa ta dama inda ƙugiyar sikeli ta taɓa shi, na ce haƙoransa na gaba suna da wushirya. Tana ji tana gyaɗa kai, yatsanta yana kan fuskar jaririn. Da na ambaci wushirya ta ce, "Ta ubansa ce." Iya, mai bakin da ba ya rufuwa, ta juya ta fita.

Inna ta ce hasken ya yi wa yaron yawa. Na fitar da fitilar rumfa zan kashe, Kaka ta biyo ni da lalube ta ce, "Bar ta ta yi ta kukanta." Ta zauna kusa da ita ta ba ta baya, ta fuskanci katangar rumbu kamar yadda ta saba. Haka ta zauna har kananzir ya ƙare, hucin ya yi ƙasa, ya shaƙe, ya ɗauke.

Yaron ya rayu. Aka mayar masa da sunan Baba, don haka shi ma Kaka ba ta taɓa iya kiran sunansa ba, "angona" take ce masa har ta bar duniya, shi ne kuma ya riƙa ja mata sanda da ya tasa. Ko da makullin ya buɗe a ranar farko za ta gan shi? Na juya wannan tambaya tun ina budurwa a makarantar kwana har na yi jikoki, ban samu amsa ba. Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba. Amma ba ta ƙara taɓa fitilar ba har ta rasu, ko gusar da ita za a yi sai ta kira ni.

Yanzu duk sun tafi. Kaka, Iya, Inna, telan da awartakinsa, ga bakwainin nan ma da aka tsare daga iskar damina ya yi furfura ya bi su. Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. 'Ya'yan ƙanena kamannin uwarsu suka ɗauko. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san fuskar nan, kuma in na rufe ido na neme ta yanzu, gefenta ya fara cinyewa. Na gwada ba jikokina labarin, suka saurara da ladabi, ƙaramar ta tambaye ni me ya hana a haska masa waya. Allah ya kai haske kabarinsu baki ɗaya, ya sa mu tarar da su cikin rahama, inda ba kunya ba yana.

Makullin ya sake kamewa, na gwada shi. Na san kanwa, na san tsamiya, na san a koma baya kafin a yi gaba. Amma yatsuna ba su da wannan ƙarfin, ba a sayar da rigarta a kasuwa, kuma ko ta kama ba wanda zai ji hucinta ya shigo. Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi na sa aka sauko mini da ita, na goge ta da tsumma tun daga ƙwai har gindi. Kwalbar man gyaɗa tana kusa da murhu. Na san sarai abin da yake yi wa tagulla, ba wanda ya fi ni sani. Na tsoma yatsa, na nemo wurin nan mai santsi kusa da inda ya ɓantare, na shafa masa.